Tambayoyinku: Shuɗin watan Turawa da yadda ake sa shi a rubutu

Wasiƙu huɗu ne a gabana wannan karon, kuma duk a kan karin maganar Turanci guda, "once in a blue moon", suka taru kamar an haɗa baki. Zan fara da ta wata ɗaliba, don ita har hoton takardarta ta aiko, da jan biron malaminta a jiki.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare. An ba mu rubutun insha'i da Turanci kan yadda muke cin lokacin hutunmu, sai na rubuta: "I visit the library once in a blue moon, every Saturday morning." Malaminmu ya ja layi a ƙarƙashin jimlar gaba ɗayanta, ya sa alamar tambaya har biyu, bai ce uffan ba. Ni kuwa haddace wannan karin magana na yi, don an ce mana irinsu suna ƙara maki. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ɗiyata, jimlar taki da kanta take faɗa. "Once in a blue moon" na nufin abin da ba kasafai yake faruwa ba, sai an daɗe an jima, har an fara mantawa da shi, sannan ya sake ɓullowa. Ke kuma sai kika bi ta da "kowace Asabar da safe". Kamar ki ce wa ƙawarki ne, "Ai ni ba kasafai nake zuwa ɗakin karatu ba, duk mako ina can." Dole ta dube ki sau biyu, alamar tambayar malaminki ke nan guda biyu. In gaskiyar magana duk Asabar kike zuwa, ki cire karin maganar, ki bar "I visit the library every Saturday morning." In kuwa rabonki da wurin tun bara, sai ki cire Asabar ɗin, ki bar "I visit the library once in a blue moon." Ɗaya za ki zaɓa.

Tunda kin taɓo ta, bari mu zauna a kanta kaɗan, don na fi shekara ashirin ina gyaran takardun ɗalibai, kuma kurakuran da ake yi da ita kusan iri ɗaya ne.

Aikinta a jimla aikin bayanau ne, tana amsa tambayar "sau nawa?" kamar yadda rarely da seldom da often suke yi. Amma wurin zamanta daban. Rarely tana shiga tsakanin mai aiki da aikatau, a ce "He rarely calls." Ita wannan doguwa ce, in kika cusa ta a nan sai jimlar ta yi tuntuɓe. Wurinta ƙarshen jimla: "He calls once in a blue moon." Ko kuma farkonta, a bi ta da waƙafi: "Once in a blue moon, he calls." Na biyun ya fi jan hankali ga ƙarancin kiran, ana jin ɗan gunaguni a ciki. Kina iya sa only a gabanta in kina son ƙara mata nauyi. Very kuwa ba ta shiga ko kusa.

Abu na gaba, al'ada take bayyanawa, wato abin da ake maimaitawa ko da jefi-jefi ne. Shi ya sa take tafiya da aikatau na sabau, ko na abin da aka saba yi a da: "My grandfather wrote to us once in a blue moon." Ba a ɗora ta a kan abin da ya faru sau ɗaya a rana sananniya. Na taɓa ganin "Yesterday he came once in a blue moon" a takardar wani yaro mai ƙoƙari ƙwarai. Kalmar once ce ta yaudare shi, ya ɗauka "sau ɗaya" kawai take nufi.

Akwai tarko biyu da mu masu Hausa muka fi faɗawa, kuma harshenmu ne ke jan mu ciki. Na farko, mu da korewa muke faɗin wannan ma'ana: ba kasafai yake zuwa ba. To sai hannu ya kai ga not ba tare da an lura ba, a rubuta "He does not come once in a blue moon." Baturen da ya karanta wannan zai tsaya yana lissafi: yana zuwa ne sosai, ko ba ya zuwa sam? Ƙarancin yana cikin karin maganar tun asali, ba ta neman wata korewa. Na biyu ya fi ban dariya. Kalma ɗaya gare mu ga na sama da na kalanda, duka wata ne. Turanci kuwa ya raba, moon daban, month daban. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na ci karo da "once in a blue month", kuma kullum sai na yi murmushi kafin in sa jan biro, don na san daga inda ta fito.

Kalmominta biyar ne, a dunƙule suke, ba a taɓa ko ɗaya. Kada ki yar da ƙaramar a ɗin nan ta tsakiya, kada ki mayar da ita the, kada ki ce watan kore ne ko ja. Ba a fara kalmomin da babban baƙi sai in ita ta buɗe jimla, nan ma na farkon kaɗai. Ba ta kuma bukatar alamar zance a gefenta, kamar mai ba da haƙurin ya yi amfani da ita. Wuri ɗaya ne siffarta ke sauyawa: in ta zo gaban suna tana siffanta shi, sai a ɗaure kalmomin da karan ɗori, a rubuta "a once-in-a-blue-moon chance", wato damar da ba a cika samu ba. Za ki iya cin karo da marubucin da ya rubuta twice a madadin once da gangan don raha. Wannan wasan wanda ya ƙware ne, kuma ya san mai karatunsa zai gane wasa yake. A ɗakin jarrabawa kuskure za a ɗauke shi.

Batun ƙarin maki kuwa, ɗiyata, rabin gaskiya aka faɗa miki. Mai duba takarda yana jin daɗin karin maganar da ta zauna daram a inda ta dace. Wadda aka jawo ta ƙarfi da yaji don a nuna an haddace, tona asiri take yi, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Na fi son in ga shafi guda na jimloli masu tsabta da karin magana ɗaya tak, a kan shafin da aka jera guda bakwai suna ture juna.

Tambaya: Malam, ni direban babbar mota ne, yawancin tafiyata da dare nake yi, don haka ni da wata mun san juna. A Agustan 2023 na ji a rediyo cewa za a ga "blue moon". Na tsayar da mota na fito na duba, fari ne tas kamar kullum. Shin ƙarya ce Turawa suka shirga, ko idona ne?

Amsa: Ɗan'uwa, idonka lafiya lau. Abin da ka gani shi kowa ya gani. Sunan ne ke ɗauke da ma'ana fiye da ɗaya, kuma wadda 'yan rediyo suka nufa ba ruwanta da launi.

Daga cikar wata zuwa wata cikar kwana 29 da rabi ne, ɗan ƙari kaɗan. Sha biyu daga cikinsu sun ba da kwana 354, shekarar Miladiyya kuwa 365 ce. Ragowar kwana 11 ɗin nan suna taruwa, sai ka ga bayan kamar shekara biyu da wata takwas ko tara an samu cikar wata ta ƙari. A cikin shekara 19 sau bakwai hakan ke faruwa. In aka samu cika biyu a cikin watan kalanda guda, ta biyun ce yau ake kira blue moon. A Agustan da ka tsaya, wata ya cika ranar 1, ya sake cika a daren 30 wayewar 31. Haka lissafin Mayun 2026 yake, ranar 1 da ranar 31. A 2018 ma sau biyu aka yi, Janairu da Maris, Fabrairun da ke tsakaninsu ya fita ba cika ko ɗaya, da yake shi kwanakinsa ba su kai 29 da rabi ba. Kalandar da ke bin wata kai tsaye, irin ta Hijira, ba ta san wannan rikici ba, kowane wata da cikarsa ɗaya a tsakiya.

Abin da zai ba ka mamaki, wannan ma'anar da duniya ta riƙe yanzu daga kuskure ta samo asali. Akwai wata kalandar manoma da ake bugawa a jihar Maine ta Amurka. Su a wurinsu shekara zango huɗu ce, kowane zango wata uku da cika uku. In zango ya samu cika huɗu, ta ukun suke kira shuɗiya. A Maris na 1946 wani mai sha'awar ilmin taurari, James Hugh Pruett, ya yi rubutu a mujallar Sky & Telescope, bai fahimci tsarin manoman daidai ba, ya ce cika ta biyu ce a wata guda. Maganar ta kwanta shekaru, har wani shirin rediyo na taurari a Amurka ya ɗauko ta a 1980, daga nan ta bazu. Sai a 1999 mujallar da kanta ta bi diddigi ta ce kuskuren daga shafinta ya fito. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, ƙamus-ƙamus sun ɗauka.

Ita karin maganar ta girmi duk wannan nesa ba kusa ba. A 1528 wasu mutum biyu da suka bar rayuwar zuhudu a Ingila, William Roy da Jerome Barlowe, suka fitar da wata ƙasida ta waƙa suna caccakar manyan coci na lokacin, musamman Kadinal Wolsey. A ciki suka yi ba'a cewa in waɗannan manya suka ce wata shuɗi ne, to dole talaka ya ce haka ne. Ka ga a wancan zamani shuɗin wata na nufin zancen banza, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Da tafiya ta yi tafiya ma'anar ta sassauto. A wani littafi na 1821 kan rayuwar birnin Landan, an ga mutum yana ce wa abokinsa rabonsa da shi tun shuɗin wata, wato an daɗe ba a haɗu ba. Kafin ƙarnin ya ƙare ta zauna a siffar da muka sani yau. Daga "ba zai yiwu ba" ta koma "yana yiwuwa, amma da wuya".

Kuma wata yakan yi shuɗi da gaske, sai dai ba kalanda ke kawo shi ba. A ƙarshen Agustan 1883 dutsen Krakatowa, tsakanin tsibiran Java da Sumatra a Indonesiya ta yau, ya yi aman wuta da ya hallaka mutum sama da 36,000. Tokarsa ta hau can ƙololuwar sama ta zagaye duniya, mutane a ƙasashe da dama suka yi ta ganin wata da rana sun yi shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Dalilin shi ne girman ƙwayoyin ƙurar. In suka kai kimanin kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma yawancinsu girmansu ɗaya, sai su watsar da jan haske su bar shuɗin ya wuce zuwa ido. Haka aka sake gani a Satumban 1950, lokacin da hayaƙin gobarar daji daga lardin Alberta na Kanada ya tsallaka teku har Turai, aka ga shuɗiyar rana a birnin Edinburgh na Scotland. Ƙurar da ka saba gani a hanya ba ta cika yin haka ba, ita ja ko ruwan ɗorawa take mayar da shi.

Abin lura ga mai rubutu: wanda ya ce abokinsa na kiransa once in a blue moon ba yana nufin duk bayan wata talatin da uku ba. Babu mai riƙe da kalanda in yana faɗinta. Ƙorafi ne kawai cewa kiran ya yi ƙaranci.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ma'aikaciya ce, rahoto nake rubutawa da Turanci, wani lokaci kuma a ba ni in mayar da shi Hausa. Tambayata biyu ce. Ya halatta in sa wannan karin magana a rahoton ofis? In kuma na same ta a rubutun wani, yaya zan fassara ta?

Amsa: Hajiya, ta farkon da labarin kaina zan amsa miki. Ina sabon ɗaukar aiki aka sa ni rubuta rahoto kan injin buga takardu na wurin da nake, ko a gyara shi ko a sayi sabo. Ina ji da Turancina a lokacin, sai na rubuta cewa injin yana lalacewa once in a blue moon. Shugaban sashen, dattijo mai ƙarancin magana, ya kira ni ofishinsa, ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce, "Sau nawa?" Na ce ai ba kasafai ba. Ya ce, "Sau nawa a bara?" Na koma na buɗe littafin mai gyara, na ƙirga, sau tara. Kusan duk bayan mako shida ke nan. Ashe karin maganar rufa mini asiri ta yi, ta ba ni damar yin magana ba tare da na bincika ba. Na sake rubutawa da adadin, kuma shawarar da rahoton ya bayar ta juye gaba ɗaya.

Don haka a rahoto, da takardar neman aiki, da rubutun bincike, da duk abin da wani zai yanke hukunci a kansa, ki ba da lamba in kina da ita. In babu, rarely ko seldom ko infrequently sun wadatar. Gidan wannan karin magana shi ne wasiƙar zumunci, da labari, da sharhin jarida mai sassauci, da maganar da aka sa a bakin ɗan wasa. Ko a can ma akwai masu ƙyamarta don ta tsufa a hannu. Marubucin Birtaniya George Orwell, a wata maƙala da ya fitar a 1946 kan siyasa da harshen Ingilishi, ya shawarci marubuta su guji duk wani salon kwatance da suka saba gani a buge. Ni ban kai shi tsanani ba. Karin maganar da kowa ya sani tana da amfaninta, mai karatu ba ya tsayawa, yana wucewa da ma'anar a hannu. Amma in kin sa ta sau ɗaya a rubutu, ta isa. Ta biyu a shafi guda ido yake tsayawa a kai.

Fassara kuwa, ki rabu da watan da launinsa. "Sau ɗaya a shuɗin wata" ba Hausa ba ce, babu wanda zai gane. Ki juya abin ki gani: mu muna cewa farin wata, kowa ya san hasken dare muke nufi, amma in kika ce wa Bature white moon zai ɗauka launi kike siffantawa. Ma'anar za ki ɗauko, ki duba nauyin jimlar. In bayani ne kawai, "ba kasafai ba" ko "ba a cika yi ba" sun isa. In akwai ɗan zargi a ciki, kamar uwa na maganar ɗan da ya yi nisa, "sai an ga dama yake leƙo mu" ko "sai an manta da shi yake ɓullowa" sun fi kama muryar. "Jefi-jefi" da "sa'i-sa'i" suna kusa, sai dai a kunnena sun ɗan fi ta yawan faruwa, sun fi dacewa da "once in a while". Wannan bambanci yana da muhimmanci a Turancin ma: wanda ke zuwa once in a while ana ganinsa lokaci-lokaci, wanda ke zuwa once in a blue moon har an fara cire rai.

Na taɓa ganin an fassara ta da "sai baba ta gani". Wannan ya zarce. Sai baba ta gani abu ne da ba a sa masa rana ba, mai yiwuwa ma ba zai zo ba. Ita kuwa tamu tana tabbatar da cewa abin yana faruwa, tazarar ce mai tsawo. In Bature na son ya ce abu ba zai taɓa yiwuwa ba, wata karin maganar gare shi daban, ta aladu masu tashi sama, "when pigs fly".

Tambaya: Malam, ɗan gajeren saƙo ne. Abokina ya rubuto mini cewa an kira shi aiki "out of the blue" kuma yana "over the moon". Duk dangin waccan ce ta shuɗin wata?

Amsa: Ƙanena, kama ce kawai ta kalmomi, ba dangi ba ne. Blue ɗin da ke cikin "out of the blue" sararin sama ne garau ba gajimare, sai ga tsawa ta faɗo daga cikinsa. Daga "a bolt from the blue" aka gutsuro ta. Ma'anarta kwatsam, ba zato ba tsammani, kuma ita tana zama a kan abin da ya faru sau ɗaya, inda waccan ba ta zama. "Over the moon" kuwa murna ce ta fitar hankali, kamar a ce farin ciki ya cika shi har ba ya taka ƙasa. An fi jin ta a bakin mutanen Birtaniya, 'yan ƙwallo sun shahara da faɗinta bayan an ci wasa. Abokinka dai yana gaya maka an kira shi aiki bagatatan, kuma murna ta kusa kashe shi. Ka kira shi ka yi masa barka, kada ka tsaya gyara masa Turanci, don duka biyun daidai ya sa su.